Tsere a Tsakiyar Gari

Da asubar ranar 24 ga Mayu, 1903, aka fara sakin motoci ɗaya bayan ɗaya daga Versailles, kusa da birnin Faris, da nufin su yi tsere har Madrid, babban birnin Sifaniya. Motoci da babura sama da 200 ne suka tashi. Hanyar ba kwalta, ƙasa ce da tsakuwa, duk motar da ta wuce sai ta bar wa na bayanta ƙura ta turnuƙe, har wasu direbobin suka koma duban kawunan itatuwan gefen hanya don su gane inda ta miƙe. Jama'a kuwa sun yi cincirindo a kowane ƙauye. Mutumin da ya tashi da keken doki yana ganin zai iya tsayawa tsakiyar hanya ya leƙa, in abin ya matso ya kauce, bai san wannan ba ya ba da lokacin kaucewa ba. Kafin rana ta faɗi aƙalla mutum takwas sun mutu ko sun ji raunin da ya zama ajalinsu, direbobi da makanikai da 'yan kallo. Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka kafa kamfanin Renault, ya kife da motarsa, ya cika bayan kwana biyu. Fernand Gabriel, a cikin mota ƙirar Mors, ya cinye kilomita 552 zuwa Bordo a cikin awa biyar da 'yan mintoci, kimanin kilomita 105 a kowace awa ke nan. Gwamnatin Faransa ta ce a nan za a tsaya. Ko tayar da injinan ba a sake yarda an yi ba. Dawakai aka ɗaura wa motocin suka ja su zuwa tashar jirgin ƙasa.

Shekaru tara kacal kafin wannan rana, a 1894, jaridar Le Petit Journal ta shirya gasar farko ta motoci daga Faris zuwa Rouen, tafiyar kilomita 126. A shekarar da ta biyo baya Émile Levassor ya kwana biyu cur a kan sitiyari, daga Faris zuwa Bordo ya dawo, yana tafiyar kilomita 24 a awa, aka riƙa mamakinsa. Daga 24 zuwa 105 a cikin shekaru takwas: injin ya yi gaba ya bar hanya da doka da hankalin mai kallo a baya.

Maganin da aka fara samowa shi ne a zaɓi wasu hanyoyin karkara da suka haɗu suka yi da'ira, a rufe su, motoci su yi ta kewayawa. An gwada haka a yankin Ardennes na Beljiyam tun 1902, da zagaye mai tsawon kilomita 85. Da Faransa ta shirya Grand Prix na farko a kusa da Le Mans a 1906, zagaye ɗaya kilomita 103 ne, kuma Ferenc Szisz ya ci shi da Renault bayan ya kewaya sau 12 a cikin kwana biyu. Sai dai mai kallo yakan zauna kusan awa guda kafin motar da ta wuce shi ta sake dawowa. Mai shirya gasa kuma ba shi da ƙofar da zai tsaya ya karɓi kuɗin shiga, ga ɗawainiyar sojoji da 'yan sanda masu gadin hanya mai wannan tsawo. Masu hannu da shuni suka ga gara a gina wa tsere wurinsa na kansa: Brooklands a Ingila a 1907, Indiyanafolis a Amurka a 1909, Monza a Italiya a 1922. Waɗannan sun ci kuɗi masu yawa, kuma dole mai son kallo ya bar gari ya je ya same su.

Hanya ta uku ita ce a kawo tseren inda mutane suke. Ana yawan ɗauka a Monako aka fara wannan, amma garuruwan Amurka sun riga ta da kusan shekaru ashirin, kuma dalilinsu a fili yake. A Santa Monica ta jihar Kalifoniya, daga 1909, masu sayar da filaye da 'yan kasuwar gari ne suka tsaya wa tseren, don sunan garin ya shiga jaridu, baƙi su zo su ga inda za su sayi fuloti. Garin Corona, a jihar dai, yana da wani babban titi da ya kewaye shi kamar zobe, tsawonsa kimanin kilomita huɗu da rabi. A 1914 Eddie Pullen ya ci tsere a kansa da matsakaicin gudun kilomita 140 a awa, ya fi abin da ake yi a Indiyanafolis a lokacin. A 1916 ƙafar motar Bob Burman ta karye yana cikin gudu, motar ta yi cikin jama'a. Shi da makanikinsa da wani mai gadi suka mutu, 'yan kallo da dama suka jikkata, Corona kuma ba ta sake shirya tseren ba. Wannan salo zai yi ta maimaituwa har shekaru hamsin: gari ya nemi suna, ya buɗe titinsa, a yi shekara biyu ko uku ana shagali, a yi mummunan haɗari, a rufe.

Monako ce ta karya wannan salo, kuma abin da ya kai ta ga tseren ma ba son tsere ba ne tsantsa. A lokacin ƙasa ce da ba ta kai murabba'in kilomita biyu ba, a maƙale tsakanin dutse da Bahar Rum, abincinta yana fitowa daga gidan caca na Monte Karlo da otal-otal ɗin da ke kewaye da shi. Tana da ƙungiyar masu motoci wadda ta samo asali daga ƙungiyar masu kekuna ta 1890, kuma tun 1911 take shirya gangamin motoci da ke tasowa daga biranen Turai dabam-dabam su haɗu a Monte Karlo. A 1928 ƙungiyar ta nemi a karɓe ta a matsayin wakiliyar ƙasa a babbar ƙungiyar masu motoci ta duniya da ke Faris. Aka ƙi. Hujjar ita ce gangamin nata a kan hanyoyin wasu ƙasashe ake yinsa, ita ba ta da wata babbar gasa a cikin iyakarta. Antony Noghès, ɗan shugaban ƙungiyar, shi aka tura da takardar, shi kuma ya dawo da wannan amsa. Ƙasar ba ta da karkara, ba ta da filin gina da'ira. Abin da take da shi tituna ne, sai ya shiga bin su da ƙafa yana aunawa. Ya sami goyon bayan Yarima Louis na Biyu, da na Louis Chiron, ɗan ƙasar da ya riga ya yi suna a tseren Turai.

Zagayen da ya fitar kilomita 3.18 ne. Mota za ta tashi daga bakin tashar jiragen ruwa, ta sha kwana a gaban cocin Sainte-Dévote, ta haura tudu zuwa dandalin gidan caca, ta gangaro ta kwanar Mirabeau, ta lanƙwasa a ƙunƙuntar kwanar gaban tashar jirgin ƙasa, ta sauka bakin teku, ta shige wani rami mai duhu, ta fito cikin hasken rana, ta bi bakin ruwa ta wuce kwanar Tabac inda wani kantin taba yake, ta juya a kusa da masana'antar gas, ta dawo inda ta fara. A kan titin akwai layin dogo na jiragen cikin gari, wasu wuraren daɓen duwatsu ne, gefe da gefe ga dakalin masu tafiya a ƙasa da turakun fitilu da bangon gidaje. Kariyar da aka tanada buhunan yashi ne da katako. Masana da yawa, musamman a Ingila, sun ɗauki abin a matsayin ganganci.

Ranar 14 ga Afrilu, 1929, motoci 16 suka jeru, kuma ƙuri'a aka jefa don a san wanda zai tsaya gaba. Chiron da kansa bai samu halarta ba, ya riga ya yi alkawarin zuwa Indiyanafolis. Wanda ido ya fi komawa kansa Bajamushe ne, Rudolf Caracciola, da farar Mercedes SSK mai injin sama da lita 7, mota mai nauyi da aka ƙera don miƙaƙƙiyar hanya. Ƙuri'a ta jefa shi na 15, amma ya yi ta cin na gabansa har ya kai ga jan ragama. Abokin karawarsa wani ne da ya rubuta sunansa Williams kawai, a cikin ƙaramar Bugatti 35B mai injin lita 2.3, an shafa mata koren fenti, launin Birtaniya a fagen tsere. Cikakken sunansa William Grover-Williams, uba Bature ɗan Ingila, uwa Bafaranshiya, kuma ya taɓa zama direban wani shahararren mai zane, William Orpen. Babbar motar ta sha mai ta cinye taya. Da Caracciola ya tsaya a rumfar makanikai sai da ya ɓata minti huɗu da rabi, ya ƙare na uku. Williams ya kammala zagaye 100 a cikin awa 3 da minti 56, matsakaicin gudunsa kilomita 80 a awa, ya ɗauki kyautar faran 100,000.

Kilomita 80 ɗin nan abin tsayawa ne a duba. Gabriel ya fi haka da nisa a kan ƙasa da tsakuwa tun shekaru 26 da suka wuce. Ke nan wanda ya zo Monako don ya ga iyakar gudun mota ya yi ɓatan kai. Abin da titin gari ya kawo wani gwaji ne dabam. Duk wanda ya taɓa ganin mahayi ya zaburo doki a ƙofar fada ya ja linzami dab da gaban sarki ya san gwanintar a tsayawar take. Haka direba a Monako: taka birki, sauya giya, murɗa sitiyari, sake taka totur, kusan awa huɗu ba inda zai huce, da birkin da ake ja da waya wanda ke rage kamawa in ya yi zafi, da tafin hannu da ke salewa a kan sandar giya. Ba bel, ba hular kwano, sai hular ƙyalle ko ta fata da tabarau. Kuskuren taƙi ɗaya kuma bango ne. Shi kuwa mai kallo ya sami abin da bai taɓa samu ba: yana zaune a barandar otal ko a kan tudu, motar na wuce shi duk bayan minti biyu da 'yan daƙiƙu, yana ganin hannun direba da fuskarsa.

Shekarar da ta biyo baya ta ƙara tabbatar da darasin. René Dreyfus, saurayi daga Nice mai tuƙa Bugatti ta ƙashin kansa, ya ɗora ƙarin tankin mai a mazaunin gefensa don kada ya tsaya ko sau ɗaya. Chiron, da motar kamfani da taron gida a bayansa, ya tsaya, Dreyfus ya cim masa ya wuce. A 1931 Chiron ya rama, ya ci a gaban danginsa. Ba a sake samun ɗan Monako da ya ci wannan gasa ba sai Charles Leclerc a 2024.

Gasar 1933 ita ce wadda masu tarihin tsere suka fi dawowa kanta. A nan aka fara barin ƙuri'a a manyan gasannin Grand Prix, aka jera motoci bisa lokacin da kowa ya yi a gwaji, tsarin da ake bi har yau. Dalilin a bayyane yake: a ƙunƙuntar hanya, in ƙuri'a ta sa mai nawa a gaba, ya tare kowa. Tun a gwajin Caracciola ya daki bango a kwanar Tabac, cinyarsa ta ragargaje, ya rasa kakar gaba ɗaya, ya kuma ƙare rayuwarsa yana ɗingishi. Ranar tseren kuwa Italiyawa biyu ne suka riƙe wa juna wuya, Achille Varzi da Bugatti, Tazio Nuvolari da Alfa Romeo. Halinsu ya sha bamban. Varzi mutum ne mai sanyi, tuƙinsa tsaf kamar da ma'auni, Nuvolari kuwa ɗan ƙaramin jiki ne mai zafin nama, yana jefa motar cikin kwana tana zamewa. Suka yi ta karɓe gaba daga hannun juna kusan tun daga tashi har zagayen ƙarshe, inda Nuvolari ya matsa wa injinsa fiye da kima a hawan tudun gidan caca, bututun mai ya fashe, wuta ta kama. Ya diro ya shiga tura motar da hannu tana hayaƙi. Varzi ya ci, Nuvolari kuma aka soke sakamakonsa saboda an taimaka masa wajen turawa.

Kafin nan sauran garuruwa sun ga abin da Monako ta samu, kowa ya ce shi ma. Nice ta rufe titin bakin tekunta daga 1932. Nîmes ta yi nata. Lwów, wadda ke cikin Folan a lokacin, yau kuma take Yukiren da sunan Lviv, ta riƙa tsere a kan tituna masu layin dogo daga 1930 zuwa 1933. Basalona ta buɗe hanyoyin tudun Montjuïc a 1933. A Birtaniya a lokacin doka ta hana tsere a kan hanyar jama'a, sai masu sha'awa suka tsallaka tsibirin Man, mai majalisarsa ta kansa, suka yi shekara uku suna kewaya gidajen garin Douglas, kuma mutum ɗaya, Brian Lewis, ya cinye babbar gasar duka ukun. Garin Pau, a gindin duwatsun Pyrénées, ya shigo da nasa tseren cikin gari a watan Fabrairun 1933, aka wayi gari dusar ƙanƙara ta rufe titi, aka kuma yi tseren a haka.

Wanda ya ci a Pau ran nan Marcel Lehoux ne, na biyu kuma Guy Moll, dukansu daga Aljeriya suka zo. Lehoux haifaffen Faransa ne da ya kafa gareji a birnin Aljiyas, Moll kuma a Aljeriyar aka haife shi. Arewacin Afirka na da nata gasannin a wancan zamani: Lehoux ya ci ta farko a Tunis a 1928, Varzi ya ci a Carthage, Chiron ya ci a unguwar Anfa ta Kasablanka a 1934, Italiyawa kuma suna da tasu a Tarabulus tun 1925. Wasan Turawan mulkin mallaka ne, an shirya shi don a nuna cewa waɗannan birane sun zama ɓangaren Turai, 'yan ƙasa kuwa nasu kallo. Moll ya ci Monako a 1934 yana ɗan shekara 23, bayan Chiron, da ke gaba da tazara mai yawa, ya zame cikin buhunan yashi a kwanar tashar jirgin ƙasa saura zagaye biyu a gama. Bayan wata huɗu Moll ya mutu a tseren Pescara.

A 1934 ɗin ne lissafi ya sauya. Gwamnatin Hitler ta sa kuɗi a Mercedes da Auto Union don motocin Jamus su zama tallar mulkinta, kuma zuwa 1937 injin Mercedes ya kusa ƙarfin doki 600. A miƙaƙƙun da'irori ba mai iya tunkararsu. Inda ake ɗan samun sa'arsu shi ne inda hanya ta ƙuntata. A 1936 Nuvolari, da Alfa Romeo da ba ta kai su ƙarfi ba, ya kayar da su a Montjuïc, ya sake a wani lambun shaƙatawa na birnin Budapest, ya kuma doke Auto Union ɗin Varzi a lambun Sempione na Milan. A 1937 Hans Stuck ya kai Auto Union har Riyo ta Barazil, zuwa da'irar Gávea mai kimanin kilomita 11 da kwana sama da 100, wadda ke bin gefen dutse a saman teku ta haura ta unguwar Rocinha, Carlo Pintacuda ya riga shi da Alfa Romeo. Bai kamata a zuzuta abin ya wuce gona da iri ba, domin a Monako kanta Mercedes ce ta ci a 1935 da 1936 da 1937. Kuɗi da injiniyoyi sukan koyi kowace irin hanya in an ba su lokaci. Amma mai ƙaramin ƙarfi, in yana da wata dama, a cikin gari take.

Babbar shaidar wannan ita ce Pau, ranar 10 ga Afrilu, 1938. Mercedes ta zo da sabuwar motarta mai na'urar cusa wa injin iska, wadda ta kusa ninka ƙarfin Delahaye ɗin da Dreyfus ke tuƙawa. Ƙungiyar Dreyfus ta wata Ba'amurkiya ce, Lucy O'Reilly Schell, da ta zuba dukiyarta a motocin Faransa. A titunan Pau, masu tsawon kilomita 2.76, ƙarfin Mercedes bai sami inda zai sauka ba, tayoyin baya sai juyawa suke a banza, ga shan mai. Dreyfus ya manne wa Caracciola mai tuƙa Mercedes ɗin, ya san dole Caracciola ya tsaya. Da ya tsaya shan mai ya miƙa motar ga Hermann Lang, Delahaye ta wuce ba ta ƙara waiwayowa ba. Dabarar da ya yi wa Chiron shekaru takwas baya ita ya sake yi. Dreyfus ɗan asalin Yahudawa ne, wata guda ke nan da Jamus ta haɗiye Ostiriya, don haka Faransawa ba su ɗauki wannan nasara a matsayin wasa kawai ba.

Kusancin nan da ya sa tseren gari daɗin kallo shi ne kuma aibinsa, kuma shekarar 1936 ta nuna shi sau uku a cikin wata biyu. A watan Yuli, a unguwar Jardim América ta birnin São Paulo, Hellé Nice, Bafaranshiya da ta bar rawa ta koma tsere, tana gab da kammalawa motarta ta ci karo da damin ciyawa ta yi cikin taro. An rasa rayuka, sama da mutum 30 suka jikkata. Ita kanta motar ta watso ta kan wani soja, shi ya mutu, ita ta yi kwanaki a sume ta farfaɗo. Bayan mako guda, a garin shaƙatawa na Deauville, motar Lehoux ta haɗu da ta Giuseppe Farina, Lehoux ya mutu. Wani direban ma ya rasa ransa a wannan tsere, garin bai sake shirya shi ba. A watan Satumba, a Newtownards ta Ailan ta Arewa, wata mota ƙirar Riley ta ƙwace ta hau dakalin gefen titi ta kashe 'yan kallo takwas, tseren da ake yi a can, wato na Ards, ya mutu daga ranar. A ganina masu shirya waɗannan gasanni ba za su fake da rashin sani ba. Tun 1903 an san abin da mota ke yi wa taro. Igiya da damin ciyawa sun fi arha ne kawai, kuma mai kallon da ya biya kuɗi yana so ya matso. São Paulo dai ta ɗauki darasi, ta buɗe da'irar Interlagos a wajen gari a 1940.

Tseren ƙarshe na wancan zamani a cikin gari aka yi shi. Ranar 3 ga Satumba, 1939, kwana biyu da shigar sojojin Jamus Folan, ranar da Birtaniya da Faransa suka shelanta yaƙi, birnin Belgrad na Yugoslabiya ya rufe titunan da ke kewaye da ganuwar Kalemegdan don bikin zagayowar ranar haihuwar Sarki Peter na Biyu. Motoci biyar ne suka tashi a babbar gasar: Mercedes biyu, Auto Union biyu, da tsohuwar Bugatti ta wani ɗan ƙasar, Boško Milenković. Dutsen da motar abokinsa ta watso ya fasa tabaraun Lang, ya janye. Nuvolari, wanda a lokacin ya koma Auto Union, ya ci. Tawagogin Jamus suka tattara kayansu suka nemi hanyar gida.

Yaƙi ya tsayar da tsere a Turai na tsawon shekaru. Da aka dawo, a titi aka dawo, kuma wannan karon don dole: da'irorin da aka gina sun lalace, Brooklands ta koma hannun masu ƙera jiragen sama, Monza ta sha tankokin yaƙi. Ranar 9 ga Satumba, 1945, aka yi tsere uku a hanyoyin dajin shaƙatawa na Bois de Boulogne a Faris. An zaƙulo motoci daga rumbuna da gareji inda aka ɓoye su. Bugatti ɗin Maurice Trintignant ta mutu a hanya, da aka buɗe sai aka tarar kashin ɓeraye ne ya toshe hanyar mai. An sa wa ɗaya daga cikin kofunan sunan Robert Benoist, tsohon zakaran Faransa da 'yan Nazi suka kashe a sansanin Buchenwald a 1944. Benoist ya yi aikin ɓoye na yaƙi da mamayar Jamus tare da Grover-Williams, mutumin nan mai koriyar Bugatti, wanda Birtaniya ta saukar da shi Faransa da lema, aka kama shi a 1943, aka kashe shi a Sachsenhausen a 1945. Na ukunsu a wannan aiki, Jean-Pierre Wimille, ya tsira. Ya iso Bois de Boulogne a makare bai samu yin gwaji ba, ya tashi daga sahun baya, ya ci babbar gasar ranar. A farkon 1949 shi ma ya mutu yana gwaji a hanyoyin lambun Palermo na birnin Buenos Aires.

Nice da Milan da Turin da Janeba duk sun buɗe titunansu a 1946. Da aka kafa gasar cin kofin duniya ta direbobi a 1950, Monako ce zango na biyu. A zagayen farko igiyar ruwa ta tsallake bango ta jiƙa kwanar Tabac, Farina ya juya, motoci tara suka cushe a wurin. Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina, da ke gaba, ya riga ya wuce. Da ya kewayo bai ga haɗarin ba, kwanar ta kare shi, amma ya lura 'yan kallo ba shi suke duba ba, duk sun juya masa ƙeya suna kallon gaba. Ya taka birki, ya lallaɓa ta tsakanin tarkacen, ya ci nasararsa ta farko a gasar duniya. Chiron, yana da shekara 50, ya zo na uku.

A 1955, a Monako dai, Alberto Ascari ya fito daga ramin, ya kasa shan lanƙwasar bakin ruwa, ya faɗa cikin teku da Lancia ɗinsa, ya yi iyo ya fito, bayan kwana huɗu ya mutu a Monza. Makonni kaɗan bayan haka wata Mercedes ta tashi sama ta tarwatse cikin taro a Le Mans, sama da mutum 80 suka mutu. Le Mans ba cikin gari take ba, amma garuruwa ne suka fi jin tsoron abin, da yawansu suka janye, tsere ya koma da'irori na dindindin da tsofaffin filayen jiragen sama. Monako ta ci gaba da nata duk shekara, ba ta sake fashi ba sai a 2020 saboda annobar korona. Suwizalan kuwa ta kafa dokar hana tseren da'ira a duk faɗin ƙasar, kuma ba a sake yin irinsa a can ba sai a 2018, da motocin lantarki, a kan titunan birnin Zurik.